Tabon da Ke Bayan Hannun Sarzan

Ku huɗu Allah ya ba ni, kuma na lura kowannenku da irin uban da yake tunawa. 'Yan matan nan biyu suna tuna mai raha, wanda yake dawowa da dabino cike da aljihu. Auta bai san shi ba sai da sanda a hannu. Kai kuwa Dogo, ɗan farina, uban da kake tunawa mutum ne mai taurin kai da ya wulaƙanta ka a bainar jama'a, a tashar mota, kana da shekara goma sha tara. Ba ka taɓa faɗa da bakinka ba, amma ni na haife ka, na san yadda kake sunkuyar da kai duk lokacin da aka kama yabonsa. Ranar da ka yi masa wankan gawa ka fito ka tambaye ni tabon da ke bayan hannunsa na dama, na ce maka garwashi ne. Ƙarya na yi maka. Shekara huɗu ke nan ƙaryar tana damuna, ni kuma jiki ya fara gaya mini gaskiya, don haka nemi wuri ka zauna ka karanta.

Mun je Sabha ne a shekarun nan da Libiya ta buɗe ƙofa ga baƙar fata, rediyo ba shi da zance sai Afirka ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin babanku ya riga ya ajiye kaki. Ya haura shekara ashirin a soja, ya fito da muƙamin sarzan, da lambobin yabo biyu a cikin gwangwanin madara, da gwiwar hagu wadda ƙarfe ya shiga a wani artabu can arewacin ƙasarmu, likita bai iya fitar da shi duka ba. Sunansa Isufu, amma daga Damagaram har Fezzan, yankin da Sabha take, ba mai kiransa sai Sarzan, har da ni. Ya sami aikin gadi a wata gonar dabino a Gudduwa, kudu da gari. Ya tafi Asabar da safe, ya dawo Alhamis da yamma. Mu kuma muna Tayuri, unguwar baƙi a gefen Sabha, ɗaki biyu na bulo, rufin kwano an danne shi da tsofaffin tayoyi don kada iska ta tafi da shi. Maƙwabta Buzaye ne da Tubawa da 'yan Kano da 'yan Gana, kowa da irin Hausar da ya tsinta a hanya. Ni ina tuyar ƙosai a bakin ƙofa. Abin da ya riƙe mu a ƙasar takarda ce guda ɗaya, takardar zama wadda suke kira iƙama. Mai gonar ne ya tsaya masa aka ba shi, mu shida duka a jikinta muke rataye.

Ban ga namiji mai son gidansa kamar mutumin nan ba, kuma ba don ya mutu nake faɗa ba, don yana da rai ma na sha faɗa masa ya yi yawa. Ba ya cin abinci shi kaɗai a zaure kamar sauran maza. Sai an shimfiɗa tabarma kowa ya zauna, ya ga kowane yaro ya ƙoshi, sannan ya sa hannu. In na yi mita sai ya ce a bariki ma sarzan ne ke cin ƙarshe. Da na yi jinyar haihuwar auta, shi ya yi wanke-wanke na wata guda a tsakar gida, maza suna leƙe ta katanga suna dariya, ko a jikinsa. Har kitso ya gwada yi wa ƙannenka mata, ya mayar musu da kai kamar gonar da aka yi wa huɗa a karkace, suka sha kuka, muka sha dariya.

Aibinsa ɗaya, ƙwallon nan. Wani Bature mai horar da su ne ya koya musu wasan zari-ruga tun yana ƙaramin soja, shi kuwa ya kamu, kamun da bai sake shi ba har kabari. Yana da ƙwallo ta fata, doguwa kamar gwanda, tun daga bariki ya zo da ita. Wurinta daban a kan akwati, duk Alhamis sai ya shafe ta da kitse. Ni gwanda nake ce mata don in ba shi haushi. Na ce wane irin wasa ne wannan, ƙattin maza su riƙa kokawa a kan abin da ba ya ko mirginawa daidai? Sai ya zaunar da ni ya kama bayani da tsakuwa a ƙasa. Mutum goma sha biyar kowane ɓangare. Ka ɗauka ka ruga, a kama ka a kayar, ka miƙa wa na bayanka, ba a jefa ta gaba. In an yi laifi sai mutum takwas su sarƙe kafaɗa da takwas, a yi turereniya har ƙwallo ta fito. Ya ce wasa ne da ba ya jefar da kowa, dogo yana da aiki, gajere yana da aiki, mai tumbi ma shi ne sarki, don shi ake sa wa a gaba wajen turereniya.

A Tayuri samari sun fi ƙasa yawa. Duk masu niyyar arewa ne su tsallaka teku zuwa Turai, guzuri ya ƙare musu a Sabha, suna tsaye a bakin titi daga asuba suna jiran wanda zai ɗauke su aikin yini. Sarzan ya ce saurayin da ya yi wata shida yana jira ba abin yi, ko ya lalace ko ya zare. Sai ya tara su suka tsince duwatsu a wani fili da ake zubar da baraguzan gini, suka kafa bututu biyu kowane gefe. Kowace Juma'a bayan la'asar ana can, shi da usur a wuya, ni da tiren ƙosai a gefe, don ni ma ba wawuya ba ce. Cikin shekara ɗaya sun haura talatin. Wanda ya fi so a cikinsu Garba Tulu ne, wani mahauci ɗan Maraɗi, faɗinsa ya kusa kamo tsawonsa, in ya yi gudu taki goma sai ya nemi wurin zama. Amma in aka sarƙe kafaɗa, bango ne. Kai kuma su suka laƙaba maka Dogo, ni ma na samu na fake da shi, tunda ba na kiran sunan ɗan fari. Kai ne mai tsalle, kai ne mai gudu. In ka ɗauki ƙwallo, babanka yakan juya baya kamar yana gyara takalmi don kada a ga bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ana nan sai ga Kaporal Mamman. Tare suka yi soja da babanku, shi ne ma ya goyo shi ranar da ƙarfen ya shiga gwiwarsa, kun ga kuwa ba baƙo ba ne. Ya zo cikin farar mota, da shadda da agogo, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. Suka rungume juna suna kiran sunayen matattu. Na yanka kaza. Da aka ci aka sha shayi, Mamman ya ce ai labarin 'yan wasan Sarzan ya kai arewa. Wasu manya suna shirya gasa ta 'yan Afirka a bakin teku, za a aiko mota, da riguna, da takalma, kuma duk wanda ya je za a yi masa takarda. Wayyo, ku ga Sarzan a ranar! Mutumin da ya kusa hamsin ya riƙa zagaya tsakar gida da gwanda a hammata kamar an yi masa albishir da Makka. Juma'ar nan ya gaya wa samari, fili ya kaure da ihu. Kai har ka ɗaga Tulu sama, ko in ce ka gwada.

Alhamis ta gaba Mamman ya dawo da takarda a hannu, bayan la'asar. Ina madafa, tsakanina da su buhu ne kawai aka rataya a matsayin labule, don haka duk abin da zan faɗa da kunnena na ji shi. Sarzan ya fara lissafa masa mutanensa, ya fara da Tulu kamar yadda ya saba. Sai Mamman ya yi dariya.

“Haba Sarzan, wannan randar? Bar mini masu tumbi da gajeru. Dogaye nake so, masu ƙafa, masu numfashi. Kuma ba sha biyar ba, in sun kai talatin ma duk a kawo.”

Ludayi yana hannuna na tsaya, na kasa kunne, sai na ji muryar babanku.

“Ka ce a bar Tulu?”

“A bar shi mana. Me zai yi mana?”

“To wa zai tsaya a gaba wajen turereniya?”

“Ko wa ma ya tsaya. Kai dai cika takarda.”

Na ji ƙarar takarda, ya karɓa yana dubawa. Daga baya ya gaya mini abin da ke ciki. Ba inda aka tambayi wurin da mutum yake tsayawa a fili. Tsawo aka tambaya, da irin jini, da ko mutum ya taɓa riƙe bindiga, da ko yana da dangi a ƙasar. Ya ce irin takardar da shi da Mamman suka dangwala wa hannu ce suna samari, kan takardar kawai aka canza.

“Mamman,” in ji shi, muryarsa ƙasa ƙasa, “duk wanda ya taɓa ganin wasan nan ko sau ɗaya ba zai ce a bar mai tumbi a gida ba. Ba ƙwallo za a buga ba. Ina za ka kai 'ya'yan mutane?”

Mamman bai musa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce aiki ne irin wanda su biyun suka sani, horo wata uku, daga nan a tura su inda ake bukata. Ya ce yaran nan da ma a teku za su ƙare, gara su mutu da takalmi a ƙafa. Har yau ban san su wa suka aiko shi ba, ban san wane yaƙi ba ne, kuma ban yarda shi ma ya sani ba.

“Fita mini daga gida,” in ji Sarzan.

“Zan fita. Amma ka ji da kyau, don ni na goyo ka, ba na so in ga bayanka. Mota za ta tashi jibi Asabar da hantsi, da kai ko ba kai. In ka buɗe baki ka ce ga abin da ake ciki, kalma ɗaya zan faɗa a inda ya dace: tsohon soja yana horar da baƙi talatin a bayan gari da usur. Ka san sauran. Ba kora za a yi maka ba, ɓacewa za ka yi. Madam da yara kuma a watsa su a babbar mota.”

Da safiyar Juma'a, yara sun fita ɗibar ruwa, ya same ni ina wanke wake ya tsuguna kusa da ni. Na ce masa mu gudu. Ya ce in mun gudu mota za ta cika. Na ce to ka gaya musu gaskiya. Ya ce samari talatin ba su da asiri, kafin magariba ta kai kunnen Mamman. Na ce to ko ɗanka kaɗai ka gaya wa.

“Shi ne ma ba zan gaya wa ba,” in ji shi. “Zuciyarki gare shi. In ya ji, wuƙar Tulu zai ara ya tafi neman Mamman.”

Ban ji daɗin maganar ba, amma gaskiya ce, kai ma ka sani.

“Don ni za su hau motar nan,” ya ce. “Ni suka yarda da shi, ni da wannan abar.” Ya nuna gwanda a kan akwati. “To sai in sa su daina yarda.”

Abin da ya faru da la'asar kana wurin, amma bari in gaya maka yadda na gan shi daga bayan tire. An taru fiye da kullum, wasu har sun yi aski. Ya busa usur suka yi layi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kallo kamar bai taɓa ganinsu ba. Sannan ya buɗe baki ya yi musu tatas. Ya ce ba su iya komai ba, shekara guda yana ɓata yawunsa a kan jakai. Ya ce shi ba zai kwashi 'yan ci-rani ya kai su gaban mutane su zubar masa da mutunci ba. Ba tafiya, ba wasa, daga yau kowa ya kama gabansa. Mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko akuya ba! Sai ya juya wajen Tulu ya ce ya ba shi wuƙa. Tulu ya ba shi, bai san me za a yi ba. Ya durƙusa ya dafe ƙwallon da ya yi shekara kusan talatin yana shafa wa kitse, ya burma mata wuƙa, ya ja har ƙarshe. Iskar da ta fita, wallahi har inda nake na ji ta. Ya jefar da usur a kai, ya juya ya nufi gida, bai waiwaya ba. Ni na bi baya na tsince fatar na ɓoye a ƙarƙashin tire.

Dabarar ta ci, don an watse ana tsine masa. Wasu suka ce an saye shi, wasu suka ce hassada ce, ba ya so yara su wuce shi. Tulu kaɗai ya biyo shi gida yana hawaye yana tambayar laifin da suka yi. Shi ne Sarzan ya ja shi bayan ɗaki ya ce masa magana ɗaya: ya bi samari a hankali ya ce shi dai jikinsa bai ba shi motar nan ba, kada ya ambaci sunan kowa. Tulu ba shi da gudu amma yana da kai, ya gane. Kai kuma da ka shigo, babanka ya ce maka ko an ce za a tafi ba shi, bai yarda ka taka tasha ba. Ka tambaye shi dalili, ya ce don ya faɗa. Ka dube shi irin kallon da ɗa ba ya yi wa uba, ka shige ɗaki.

Yanzu ga nawa laifin, in laifi ne. Asabar da safe babanka ya fita zuwa rumfar Tulu, inda motar gona take ɗaukarsa. Yana fita ka fito da jaka a kafaɗa. Ka tsaya a bayana ina tuya.

“Inna, Kaporal ya ce za a tafi, an sami wani mai horarwa a can. Mu huɗu ne. Ki sa mini albarka. Kuma don Allah kada ki gaya masa sai mota ta tashi.”

Ka san yadda aka rene mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi ko da wuta yake ci. Tun kana jariri a gaban mutane nake yi kamar ban san ka ba. Ina so in juyo in riƙe rigarka in yi kururuwa, amma shekara goma sha tara ban taɓa yi ba, hannuna bai san hanya ba. Ban ko ɗago kai ba. Na ce, “Allah ya kiyaye hanya.” Ka ɗauka na yarda, ka tafi. Kana shan kwana na bar mai a kan wuta, na bar ƙosai yana ƙonewa, na zura da gudu ba mayafi, ba takalmi. Ni ce na tona ka, Dogo. Shekara da shekaru kana zargin ƙanwarka, har kuka yi wata uku ba ku magana. Ba ita ba ce, ni ce, kuma ko yau aka sake sai na tona.

Na iske Sarzan ƙafa ɗaya a cikin motar gona. Na ce masa, “Ya tafi.” Bai tambaye ni wa ba. Ya sauko ya kama gudu. Daga rumfar Tulu zuwa inda motar Mamman take tsaye akwai 'yar tafiya, kuma likita ya daɗe da hana shi gudu a kan gwiwar nan. Ina biye da shi, Tulu yana biye da ni yana haki. Da muka ɓullo tasha na hango farar bas, na hango Mamman a bakin ƙofa da takarda, na hango ka saura taki kaɗan ka kai. Wurin ba yashi ba ne, tsakuwa ce da fasassun kwalabe, ga dakalin siminti a gefe.

Bai kira ka ba, don ya san in ya kira za ka ƙara sauri. Ya sunkuya kamar yadda yake koya muku, kafaɗa a cinya, kai a gefe, ya kwashe ka gaba ɗaya. Na ji ƙara kamar an karya itace, gwiwarsa ce. Kuka tafi ƙasa tare, keyarka ta nufi bakin dakalin nan kai tsaye. Kai ba ka gani ba, sama kake kallo. Ni na gani. Kafin ku kai ƙasa ya saki ƙafarka ya cusa hannunsa na dama a ƙarƙashin kanka. Nauyinka da nasa duka a kan hannun suka sauka, a kan siminti da kwalba.

Tasha ta ɗauki sowa, direbobi suna tafi, wani yana cewa tsoho ya kayar da saurayi. Kana ta fizge-fizge, shi kuwa ya maƙale ka da hannun hagu, Tulu ya iso ya zauna a kan jakarka. Mamman ya tako ya tsaya a kanku.

“Sarzan, ka haukace ne?”

“Ɗana ne, na hana shi tafiya,” in ji babanka, yana kwance a ƙasa. “Ko akwai dokar da ta hana uba hana ɗansa?”

Bai ba Mamman abin kamawa ba. Sannan ya ɗaga kai ya kira sauran ukun da ke cikin mota da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, ya ce su sauko su kama shi, ƙafarsa ta karye. Dabara ce ta ƙarshe da ta rage masa. Ba wanda ya motsa. Jiya-jiya ya kira su jakai, don me za su sauko? Mamman ya tofar da yawu, ya hau, mota ta tashi da mutum uku a wurin talatin. Da ya sake ka, ka miƙe ka kakkaɓe riga, ba ka ko dubi inda yake ba. Ka wuce unguwar Gurda wajen masu aikin gini, shekara biyu ba ka kwana a gidanmu ba. Shi ya sa ba ka ga hannun ba. Ni na ɗaure shi da ɗankwalina, fatar bayan hannun ta saɓule har ana ganin fari.

Abin da ya biyo baya kun san shi, sai dai ba ku san daga ina ya taso ba. Gwiwa ba ta sake miƙewa ba. Mai gona ya yi haƙuri wata biyu, sannan ya ɗauki wani mai gadi, don ba a gadi ana dogara sanda. Da aiki ya tafi, iƙama ta bi shi. Muka shekara muna zaman ɗar-ɗar, in an ga motar 'yan sanda a bakin unguwa sai a kashe murhu a yi tsit. Ƙosaina ne ya riƙe gidan, da naman da Tulu yake aikowa ba tare da ya ce komai ba. A Tayuri kuwa, mutumin da dā in ya wuce samari suke miƙewa, ya koma in ya wuce sai a yi tsaki. Bai taɓa kare kansa ba. Daga ƙarshe muka tattara muka dawo Damagaram a bayan babbar mota, shi a kwance a kan buhunan dabino. Mamman ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Yaran nan uku ma haka.

Da muka dawo gida, ka biyo mu, ka yi aure, na ce masa to yanzu ai ba Mamman ba Libiya, ka gaya wa yaron nan gaskiya ya daina gaishe ka kamar baƙo. Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya daɗe yana murza tabon da babban yatsa.

“In ce masa me? In ce ni jarumi ne? Mutum huɗu suka nufi motar nan, Rakiya. Hannu biyu gare ni, na kama nawa. Uwayen ukun can suna nan wani wuri suna jiran ɗansu ya dawo daga wasan ƙwallo. Ni na tara su a filin nan, ni na koya musu su yarda da usur. Bar shi ya yi fushi da ni, yana da rai yake fushin.”

Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba muddin yana numfashi, na kuwa cika. A nan ne kaɗai na saɓa da shi, kuma har gobe ina ganin ya yi kuskure. Ya hana kansa ɗa, ya hana ka uba, shekara ashirin kuna gaisuwar maƙwabta. Amma duk ranar da aka nuna zari-ruga a talabijin ɗin mai shayi, sai ya ja sandarsa ya je ya zauna a gaba, ya dawo yana ce mini ya ga wani mai tsalle, amma bai kai Dogo ba. Sunayen yaran nan uku kuwa, bai taɓa sallame salla bai ambace su ba.

Fatar gwandar tana cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwan da na ajiye na likkafani. Na ɗinke ta da zaren buhu tun a Tayuri, ɗinkin bai yi kyau ba kuma ba ta riƙe iska. Bai san na ajiye ba. In na tafi taka ce, kada a ba kowa.

Kai ka wanke hannun nan da kanka, ka juya shi, ka ga yadda fatar ta tattare, har ka fito ka tambaye ni. Ba garwashi ba ne. Sa hannu ka shafa keyarka, ka ji ko akwai tabo ko ɗaya. Babu. Ban taɓa kiran sunanka ba tun ranar da aka raɗa maka shi, yau zan kira, kunya ta yi haƙuri. Habubakar, tabon da ya kamata ya kasance a kanka ne ubanka ya tafi da shi kabari.